Yadda yawu ya tono garma a gidanmu

Ni dai tun tasowata abinda nake ji a gidanmu shine mu Fulanin Kano ne, kuma ba Fulani kawai ba, wai akwai jinin sharifai ta wajen kakan kakanmu da ya taso daga gabas da alƙur'aninsa a gafaka. In ka zauna da mutanen Jos zaka ji kusan kowane gida da irin wannan labarin, babu wanda kakansa yazo lebura, kowa kakansa malami ne ko attajiri, sai ka rasa to waye ya haƙa duk ramukan kuzar nan da suka cika Bukuru da Barikin Ladi. A Bukuru aka haife ni 1984, a nan aka haifi Baba, amma da na tashi neman aiki a Abuja aka ce in kawo takardar shaidar asali sai da na hau mota naje wata ƙaramar hukuma a jihar Kano, garin da ko kwana ɗaya ban taɓa yi a cikinsa ba, na samu wani dattijo ya tsaya min aka bani. Wannan abun ya daɗe yana cina wlh, garin da aka binne cibiyarka ace kai baƙo ne, garin da aka ce naka ne kuma sai ka tambayi hanyar masallaci.

Abinda ya kawo maganar gwajin kuwa musu ne a guruf ɗin famili na WhatsApp. Wani ɗan baffanmu ya ɗora hotonsa da rawani ya rubuta jinin sharifai a ƙasa, ni kuma bakina baya shiru nace ina hujja, aka yi ta cacar baki har wata yayarmu tayi fushi ta fita daga guruf ɗin. To ƙanwata tana Ingila tana karatu tana ɗan aiki, ita ce tace Yaya ai akwai gwajin DNA na asali, kamfanoni irinsu AncestryDNA da 23andMe da MyHeritage duk suna yi, kuɗinsa wajen dala 100 ne amma ƙarshen shekara suna karya farashi. Nace siyo uku. Ɗaya nawa, ɗaya na Baba, ɗaya ko wa Allah ya ba. Niyyata gsky ba neman ilimi bace, so nake in samu abinda zan rufe bakin mai rawani dashi, ko kuma in ya tabbata nima in naɗa nawa.

Ranar da kwalin ya iso gidana a Kubwa, matata tana ganin an rubuta DNA a jiki sai ta ajiye ludayi ta zauna a hannun kujera tace Abban yara me kake zargi, faɗa min yanzu. Kun san mu a nan in aka ce DNA ba abinda ke zuwa ran mutum sai miji na zargin ɗa ba nasa bane. Na kusa awa ina rantse-rantse cewa ni zan tofa ba yara ba, kakanni nake nema ba 'ya'ya ba, duk da haka kwana biyu tuwon gidan ba gishiri.

Abun bashi da wuya. 'Yar kwalbar roba ce kamar ta gwajin asibiti, zaka tofa yawu har ya kai wani layi, banda kumfa, kuma minti 30 kafin nan ba ci ba sha ba goro ba asuwaki. In ka murɗa murfin wani ruwa zai zubo ya gauraya da yawun don kar ya lalace a hanya, sai kayi rajistar lambar jikin kwalbar a intanet. Na ba wani abokin aikinmu da zai tafi Landan, ƙanwata ta saka a gidan waya, wajen sati 7 sai ga imel.

A ofis na buɗe, na ma kulle ƙofa kamar mai duba rizal ɗin WAEC. Kaso sama da 70 aka rubuta Najeriya, sai ɗan Mali, ɗan Kamaru, ɗan Senegal, Arewacin Afirka kuma kashi 1. Larabawa sifili. Na tura skirinshot a guruf, mai rawani yace ai Yahudawa ne ke da kamfanin dole su ɓoye, wata tace kashi ɗayan nan ai shine sharifin, aka yi dariya aka watse. Ni kaina na ɗan ji haushi ba zan ɓoye ba, ashe a ƙasan raina ina son labarin ya zama gaskiya. Daga baya dana karanta na gane wannan kason ba wahayi bane, kwatanta DNA ɗinka suke da na wasu mutane da suka tara daga wurare daban-daban, mutanenmu na Arewa kuma basu da yawa a ciki, shi yasa in sukayi afdet sai kaga kason ya canja, nawa ma ya canja, Mali ta ragu Najeriya ta ƙaru ni kuma ina nan yanda nake. Sannan rabi kake ɗauka wajen uba rabi wajen uwa, kowane kaka wajen kwata, haka abun ke ta rabewa, in aka haura kakanni bakwai takwas akwai wanda ko ɗigo baka gado daga gareshi ba. Kenan sharifin nan ba a ƙaryata shi ba, ba a kuma ganshi ba. Shikenan nace kuɗina sun tafi a banza.

Ashe inda maganar take shine ɗaya shafin, na dangi. Duk wanda ya taɓa gwaji a kamfanin kuma kuka haɗa wani yanki na DNA zasu jero maka shi, da ma'aunin da suke kira santimogan, cM a taƙaice. Uba da ɗa wajen 3,400 ne, 'yan uwa ciki ɗaya wajen 2,600, ɗan baffa ko ɗan goggo wajen 850, waɗanda kakanninsu ne wa da ƙani kuma wajen 230. Nawa yawancinsu baƙaƙen fatan Amurka ne da Jamaika, 9 cM, 12, 15, can nesa sosai, wasu har sun turo min mesej suna tambaya wace ƙabila ce ni, daga wane gari, ko na san sunan kakan kakana. Abun tausayi, jikokin waɗanda aka sayar ne lokacin cinikin bayi, kuma Hausawa na cikin waɗanda aka kwasa, a Bahiya ta Brazil har bore bayi musulmi sukayi a 1835. Na amsa ma biyu uku da abinda na sani, wanda ashe ni ma ban san komai ba.

Amma a saman jerin, sama da kowa da tazara mai nisa, wata mata ce, 218 cM. Hotonta da kayan nas, sunan farko irin na coci, sunan mahaifi kuwa ko a mafarki aka tashe ni nasan sunan Birom ne, ƙabilar yankin Jos.

Na rufe kwamfutar. Sati uku ban koma shafin ba.

Sai na faɗi dalili don wanda ba ɗan Jos ba bazai gane ba. Rikicin 7 ga Satumba 2001 ina SS3, mun kwana biyu a barikin 'yan sanda. 2008 aka sake. Na Janairun 2010 shi ya gama damu, gidanmu na Bukuru da shagon Baba na kayan gini duk suka ƙone, ƙanin Baba da muke kira Baffa Ƙarami ya fita duba shagon bai dawo ba har yau, ko gawarsa bamu samu ba balle mu san kabarinsa. Tun lokacin Baba ya koma Unguwar Rogo haya, mutumin da yake da gidan kansa mai ɗaki tara. Ni kuma a shekarun nan na rubuta abubuwa a Facebook akan Birom da yanzu in na tuna sai inji kunya ta rufe ni, na goge su amma Allah ya gani. To ace cikin duk mutanen duniya da suka tofa yawu a kwalba, wadda tafi kusa dani 'yar Birom ce, ina zan kai wannan.

Sai shaiɗan ya fara kawo min lissafi. Lambar nan bata gaya maka ta ina aka haɗu, 218 zai iya zama kakanku ne wa da ƙanwa, zai iya zama wani kakan ne yayi ɗa a waje, ta wajen uwa ko ta wajen uba duk bata faɗa. Na dinga kallon hotunan tsofaffinmu da suka rasu ina zarginsu ɗaya bayan ɗaya, astagfirullah. Ranar Juma'a na tsaya bayan an watse na samu malaminmu na faɗa masa komai. Yace da farko ka cire zargi, a shari'a ɗa na mai shimfiɗa ne, wannan hadisi ne ingantacce, kuma ba a rushe nasabar da ta tabbata ta aure da takardar kamfani. Na biyu yace in ta tabbata danginka ne to danginka ne, Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar mahaifiyarta tazo mata Madina bata musulunta ba, ta tambayi Manzon Allah SAW yace ta sada zumunci da ita. Yace amma ka bi a hankali, akwai tsofaffi a gidanku, kar allura ta tono garma. Nace Malam ina ganin ta riga ta fara.

Matar nan ce ta fara turo min saƙo. Da turanci ta fara, da taga na rubuta Bukuru sai ta juye Hausa irin tamu ta Jos, tace kai ɗan gida ne ashe, ina ne a Bukuru. Tace ita ma tayi mamaki amma ba sosai ba, domin babanta ya sha faɗa musu cewa kakansu yana da ƙanwa da ta bi Hausawa tun zamanin Turawan kuza, ta musulunta aka canja mata suna, kuma har kakan ya mutu yana zuwa ganinta. Tace ka tambayi manyanku mamar babanka ko mamar mamarka daga ina take. Mamar mamata na santa sarai, 'yar Zariya ce har gidansu a Tudun Wada muna zuwa. Mamar Baba kuwa, Iya, wadda ta rasu ina shekara 12, sai a lokacin na lura ban taɓa ganin wani yazo ance ga ɗan uwan Iya ba. Ko a biki ko a rasuwa. In an tambaya sai ace ai marainiya ce, danginta sun ƙare. Shekara 40 ban taɓa cewa marainiya daga wane gari ba.

Ƙanwata tace dabarar itace a gwada wanda ya girme ni a layin, in ta wajen Iya ne lambar zata kusan ninkawa. Baba ko kallon kwalin bai yi ba yace shi ba ɗan iska bane da zai tofa yawu a aika wa Nasara. Saura Goggo, yayar Baba, tana Gangare, ta haura 75 amma kanta garau. Sunan mahaifinta aka sa min don haka Babana take ce min, kuma duk abinda na roƙa bata iya hanani. Nace Goggo gwajin asali ne, yawu kawai zaki tofa. Tace yawu? yanzu yawu ne zai faɗi asalin mutum, lallai duniya tazo ƙarshe. Fama na farko raba ta da goro, na karɓe ƙullin na saka a aljihu na zauna ina kallon agogo tana ta min tsiya. Fama na biyu yawun kansa, bakin tsohuwa a bushe ga sanyin Jos na Disamba, ta tofa ta huta ta tofa ta huta, jikokinta sun zagaye mu suna cewa saura kaɗan Goggo, wata tace ki tuna tsamiya, aka kawo lemon tsami aka yanka a gabanta tana kallo ba damar lasa. Da ya kai layin ta miƙo min tace ni ban je Makka ba ga yawuna zai hau jirgi, bani gorona.

Nata ya fito 441 cM da matar nan. Daidai abinda ake samu tsakanin mutum da 'yar ɗan kawunsa.

Ban kira a waya ba, mota na shiga Jumma'a da yamma, Keffi, Akwanga, Hawan Kibo, na isa bayan isha. Da safe na sameta a ɗaki tana lazimi, na zauna a bakin gado na nuna mata hoton matar a waya nace Goggo gwajin yace wannan jininki ce, kuma 'yar Birom ce. Ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da ido ta daɗe tana kallo. Tace rufe ƙofar. Tace goshin Iya ne wannan.

Abinda ta faɗa min zan taƙaita don ya kai azahar. Kakanmu ba da gafaka yazo ba. Diban gwamna ne ya kawo shi, lokacin yaƙin Hitila, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942 Ingila ta rasa kuza sai aka bi lardunan Arewa ana ɗiban samari dole, kowane dagaci a bashi adadin da zai kawo, a turo su Filato haƙa. Har 1944 ana yi. Mutanen da suka saba da zafi aka zube su a bukkoki cikin sanyin nan ba bargo ba abincin kirki, da yawa a nan suka mutu. Shi yana saurayi ɗan talakawa daga wani ƙauye a ƙasar Kano, tace ko Fulatanci baya ji, da wa'adinsa ya cika sai yaƙi komawa don yace bazai iya kallon dagacin da ya bada sunansa ba. Ya zauna a bariki ta wajen Bisichi yana ɗaukar kwanon ƙasa a ka har ya zama helma, karatun allo kuma da girmansa yayi shi, shine daga baya aka fara ce masa Malam. Iya kuma yarinya ce da ke kawo itace da acca kasuwar barikin daga ƙauyensu. Tace Babana kar ka bari kowa yace maka sato ta akayi ko siyo ta akayi, da ƙafarta ta biyo shi, ubanta yace in ta tafi ta tafi kenan, ta tafi. Limamin bariki ya musuluntar da ita ya ɗaura aure, aka sa mata sunan da muka sani. Sunanta na gida Goggo ta faɗa min a kunne kamar wani zai ji, bazan rubuta shi anan ba.

Nace to me yasa aka ɓoye. Tace gori. Kishiyar Iya, wadda Malam ya auro daga Kano bayan ya samu abin hannu, in faɗa ya haɗasu sai ta kira su 'ya'yan arniya, yara a makarantar allo suka ɗauka, Baba har fasa ma wani yaro kai yayi akan haka. Ranar Malam ya tara gidan yace duk wanda ya sake ɗaga maganar asalin Iya bai yafe ba. To hani ya zama shiru, shiru ya zama marainiya ce, sharifin gabas kuma tace wallahi bata san wanda ya ƙirƙiro shi ba, ta dai fara jinsa ne wajen neman auren Baffa Ƙarami.

Sai tace ka tuna Baba mai acca? Nan jikina yayi sanyi. Akwai wani tsoho dogo da ke zuwa gidanmu na Bukuru duk bayan girbi da kuma washegarin sallah, da tsohuwar kwat da buhu a bayan keke, baya wuce zaure, Iya ta fito da lulluɓi ta zauna nesa dashi kaɗan suyi ta magana ƙasa-ƙasa, in mun matso ta kore mu. A kai masa tuwo da naman sallah a kwano na musamman da ba a haɗawa da sauran. Mu duk zatonmu mai talla ne. Har tsokanarsa muke muna bin kekensa. Goggo tace yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekara kusan 50 bai fasa zuwa ba, ranar da Iya ta rasu yana tsaye a bayan masu sallar gawa daga nesa da hularsa a hannu, babu wanda yace masa sannu da haƙuri, don a idon mutane ba shi aka yiwa mutuwa ba. Nan ta fara kuka nima na kasa riƙewa.

Wani abu kuma, Iya in ka kawo mata ruwa ko ka ɗauko mata carbi sai ta dafa kanka tace mafeng. Mu mun ɗauka irin maganar tsofaffi ce tata ta kanta, har muna kwaikwayonta. Na rubuta ma matar nan kalmar, ta turo min voyis tana dariya tana kuka tace ai na gode kenan da yarenmu. Na zauna a Bukuru shekara 26 tsakiyar masu yaren ban taɓa haɗawa ba, don ban taɓa tsayawa na saurari me suke cewa ba. Haka gwaten accan Iya da duk unguwa ke aiko kwano, muna ta cewa hannunta ne.

Da naje ma Baba da maganar ban ma gama ba ya ɗaga min hannu. Yace wa ya aike ka. Yace uwata musulma ce ta mutu musulma an binne ta a maƙabartar musulmi, abinda ya wuce haka ba ruwanka. Nace Baba ai ba wanda yace ba haka bane, dangi ne kawai suke, yace dangi? su suka ƙona min gida, su suka cinye min ƙani, kaje ka tambayesu ina suka kai shi in dangi ne. Yace in na sake kawo masa zancen ko na saka a guruf bai yafe ba, kalmar ubansa sak. Ban saka ba. Mai rawani har gobe yana nan da jinin sharifai a sitatus ɗinsa, ni kuma ina kallo ina shiru, wannan ma da kuke karantawa shi yasa ba suna ko ɗaya a ciki.

Kuma dan Allah duk mai sha'awar gwajin nan ya sani ba kanka kaɗai kake buɗewa ba, duk wanda kuka haɗa jini ka buɗe shi bai sani ba. A Amurka a 2018 ta hanyar shafin GEDmatch 'yan sanda suka kamo wani tsohon mai kisa a Kalifoniya, ba don shi yayi gwaji ba, danginsa na nesa ne sukayi. 23andMe kuma a 2023 masu kutse sun kwashi bayanan mutane kusan miliyan 7. Ni ban yi wannan tunanin ba lokacin da nake matsa ma tsohuwa ta tofa, kuma ban faɗa mata dukan abinda nake nema ba, wannan har yanzu yana damuna duk da tace ta yafe, tama ce gara da ya fito tana raye don ita kaɗai ta rage da ta san sunan.

Naje ƙauyen. Ban gaya ma Baba ba, Goggo kaɗai ta sani, ta bani turmin atamfa da goro da sabulu tace in kai, tace in ce 'yar wance tana gaisuwa, ta faɗi sunan Iya na gida. Gsky tsoro naji, rabona da shiga wannan ɓangaren tun 2010, kun san yanda Jos ta rabu kowa da inda yake iya kwana. Na cire hula na saka a aljihu, daga baya naji haushin kaina na mayar. Ƙanin matar ne ya tare ni a Bukuru da mashin, muka bi ta gefen tsofaffin tafkunan kuza da gonakin dankali har wani gida da shingen ƙerana.

Baban nata, ɗan Baba mai acca kenan, tsoho ne ya kusa 80, tsohon malamin firamare kuma dattijo a cocin COCIN, Da suke ce masa nima nace Da. Ya fito yana jan ƙafar hagu da sanda, ya tsaya ya ƙare min kallo yace wannan ai ɗan gidan Malam ne ko ba a faɗa ba. Yace kai ɗan wanne ne, na faɗi sunan Baba, yayi dariya yace mai fasa kai. Ashe yana yaro babansa kan ɗauko shi a keke, shi da Baba suyi ta wasa a bayan zaure, tare suka je wanka wani ramin kuza ya zame ya karye a ƙafar, Baba ne ya goyo shi har gida, aka zane su duka biyun. Matarsa, Ngo, tace sun san bana cin yankansu don haka ga kaza ga wuƙa in yanka da kaina, sun kuma sayo sabuwar tukunya. Da azahar tayi jikarsa ta kawo min ruwa a buta da sabuwar tabarma, ta nuna min gabas ba tare da na tambaya ba.

Maganar rikici ni na ɗauko ta, don bazan iya zama inci kaza in tashi ban faɗa ba. Nace Da, ƙanin Baba ya ɓata a Bukuru 2010. Yayi shiru, yace yaji, har gidan yaje bayan abun ya lafa ya tarar da toka, ya tambaya aka ce masu gidan sun koma cikin Jos, shi kuma a lokacin ba zai iya shiga Unguwar Rogo ba ko da kuɗi. Ya nuna min wasu kaburbura biyu a bayan gida yace na ɗansa ne da matar ɗan, a gona aka same su, wata shekarar daban. Bai ce su waye ba nima ban tambaya ba. Muka zauna kawai har shayin ya huce. Da zan tafi suka ɗaura min rabin buhun acca a mashin, irin buhun nan dai, Da yace in gaya ma Goggo ƙofa a buɗe take, in kuma ƙafarta bazata iya ba shi zai zo Gangare in za a bar shi ya wuce zaure. Nace mafeng, duk gidan suka kwashe da dariya wai ban iya faɗa ba.

Accan na raba biyu, rabi Goggo rabi na kai ma Mama nace tsaraba ce daga abokin aiki. Ta kalle ni irin kallon nan na uwa bata ce komai ba. Kwalin gwaji na ukun yana nan a durowa ta a Kubwa, ban san ma ko ya lalace ba.

Daren da zan dawo Abuja Mama tayi gwate da accan, da yakuwa da gauta da ƙashi. Ina zaune a tabarma Baba yana kujerarsa da rediyo a cinya, ya sha kwano ɗaya yace a ƙaro, abinda baya yi tunda ciwon suga ya kama shi. Ya gama ya wanke hannu yana goge baki, bai kalle ni ba, yace accan bana ce wannan. Nace eh Baba. Yayi shiru har na ɗauka shikenan, sai yace ƙafar tasa har yanzu yana janta?

Ni dai nasan ban taɓa gaya masa naje ba, balle maganar ƙafa. Nace yana ja Baba, da sanda yake tafiya. Yace uhm. Ya ƙara ƙarar rediyon, an fara labaran BBC na takwas da rabi.